Itace Arba'in a Bakin Shinge

Ni ce ido na farko a kan bel, wato shimfiɗar injin da ke tafiya da lemo. Duk lemon da aka tsinko a gonar nan, kafin ya shiga kwali sai ya gangaro ta gabana, in tsame ruɓaɓɓe, in tsame mai tabo, in bar sauran su wuce wurin mata goma sha ɗaya da ke bayana. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Ko hira nake yi, ko faɗa nake da wata, hannuna bai taɓa barin mugun lemo ya wuce ba, kuma kowa a shagon tantance lemon ya san haka, har manaja.

Ranar Laraba ce, bayan sati biyu da wani ruwa mai iska da ya kwashe kwanon rufin banɗakin ma'aikata. An juye kwando a kan bel, lemo na tahowa, sai na hango guda ɗaya da ɗan tabo a gefe. Na ɗauka na juya shi. Tabon ya taso kamar ɓawon ciwo, ruwan ƙasa, ga zobe mai ruwan ɗorawa ya kewaye shi. Na sake duba shi. Hoton wannan tabon yana manne a bangon shagonmu kusa da agogo, kullum sai na kalle shi in zan duba lokacin tashi.

Gyambo muke ce wa cutar. Malamin da ke zuwa duba gona, wanda muke kira Mai Fenti saboda gwangwanin jan fenti da ba ya rabuwa da shi, ya sha tara mu yana bayani: ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ruwan sama da iska ke ɗaukarta daga itace zuwa itace, haka jiƙaƙƙen hannu, da riga, da almakashi. Ba ta da magani in ta shiga. Shuɗin maganin da ake fesawa tare ta kawai yake yi a ƙofa. Dokar kuma ɗaya ce: in aka sami itace guda da ita, duk abin da ke kewaye da shi har taku sittin za a sare a ƙona, a bar wurin fili shekara biyu.

Na kalli lambar da ke jikin kwandon. Tara. Layi na tara namu ne.

Tsohon mai gonar nan ya kafa wata ƙa'ida tun kafin ɗansa ya karɓi ragama. Duk wanda ya yi shekara talatin yana aiki, in ya zo hutawa ba a sallamarsa da takarda, itace arba'in ake ware masa. Ƙasa ta gona ce, amma abin da itatuwan suka haifa nasa ne har ya koma ga Allah. Maigidana ya yi shekara talatin da ɗaya yana goye da tankin feshi, shi ya sa har yau Tsohon Feshi suke ce masa. Maganin ya cinye masa ido, yanzu mutum sai ya matso sosai yake ganin inuwarsa. Bara aka ba shi nasa arba'in ɗin a bakin shingen yamma, jeri huɗu goma-goma. Ba mu da gida a wani wuri, ba mu da gona, ba mu da komai sai su. Kuma dukkansu ba su kai taku sittin ba daga farko zuwa ƙarshe, na sani don na sha takawa.

Aikina shi ne in danna jan maɓalli bel ya tsaya, in rubuta lambar kwando a littafi, in kira manaja. Na kalli maɓallin. Na jefa lemon a aljihun rigar aikina.

Wadda ke tsaye a bayana, Radiyo muke ce mata saboda surutu, ba abin da ke wuce ta. Ta ce me na samu haka nake ɓoyewa, ko zinariya ce ta biyo bel? Na ce mata ta ji da abin da ke gabanta, bakinta kamar famfon da ya lalace. Aka yi dariya aka wuce wurin. Kafin a tashi na tsame guda huɗu, duk daga kwandunan tara. Ko abincin rana ban iya ci ba.

Da na dawo gida na iske maigidana, Malam, a ƙofar ɗaki yana gyara madaurin sandarsa. Ya tambaye ni yaya lemonsa ya yi a kan bel, na ce ya yi kyau. Ya ce ai dole, shi da ya san ciwon kowane itace tun suna dashe. Na shiga kicin na jefa huɗun nan a wuta, na tsaya a kansu har suka zama gawayi. Na so in gaya masa, wallahi na so. Amma mutumin nan kullum da hantsi zai lallaba da sanda ya je ya zauna a benci ƙarƙashin itace na farko, yana shafa gindinsa yana yi masa magana. Ta ina zan fara?

Washegari gari na wayewa na ɗauki leda na nufi layin. Raɓa ta jiƙa komai sharkaf. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga ganye, har na zo itace na goma sha bakwai, wanda ke daidai inda shingen itatuwan tare iska ya yi giɓi. Nan na same shi. Ganye kusan ashirin, kowanne da tabonsa, in ka ɗaga shi sama sai zoben ya haska. Na ce a raina, ashirin ne kawai, har nawa ashirin take? Na tsinke su tas na zuba a leda. Inda reshe ya yi tabo na karye shi da hannu.

Haka na mayar da shi aikina. Kullum kafin a buɗe shago ina can. Wata rana ganye goma, wata rana talatin, bayan ruwa kuwa sai in cika leda. Daga na goma sha bakwai ya koma na sha shida da na sha takwas. Inda hannuna bai kai ba na kifa kwando na taka. Lemo mai tabo kuma ba ya ma isa shago, wanda ya kuɓuce mini a can sai in tare shi a bel. Littafina fes, ko sau ɗaya lamba tara ba ta shiga ciki ba. Har na fara jin kamar na fi Mai Fenti da gwangwaninsa wayo, Allah na tuba.

Hanyar dawowa daga layinmu ta bayan rumfar dashe ta bi, inda Auta ke aiki. Auta 'yarmu ce, ita kaɗai ta rage a kusa da mu, shekararta ashirin da tara, kuma ita ce shugabar rumfar. Aikinta shi ne ta yanko ido, wato ɗan tohon reshe, daga jikin itace mai kyau ta ɗaura shi a kan ƙaramin dashe, ta naɗe da leda, ya kama ya zama sabon lemo. Dashe dubu sittin ke ƙarƙashin hannunta, aikin shekara uku. Ƙofar gaba ta rumfar nan ko manaja ba ya shiga sai ya taka kwatamin magani, ya canza takalmi, ya sa farar riga. Auta ba ta wasa da wannan, ta taɓa korar ɗan mai gona da kansa don ya shigo da takalmin waje.

Amma akwai ƙofar baya, wurin famfo. Tun da ta fara aiki a can nake kawo mata shayi a fulas, don sammako take yi ba ta karyawa. Zan zauna a kan bulo a bakin ƙofar, ita tana ciki tana yanka, ni ina miƙa hannu ina taya ta naɗe leda, don hannuna ba ya iya zama haka nan. Ban fasa ba. In na fasa ai sai ta tambaye ni dalili. Ledar ganyen tana cikin zanina, hannuna kuma nakan ɗauraye shi a famfo, in ce ai shi ke nan. Ni da na ji bayanin Mai Fenti ya fi sau ashirin! Ina jin sa, amma a tunanina da sababbin ma'aikata yake, ba da ni ba.

Sati biyar aka yi haka. Ranar wata Litinin muna kan bel sai muka ji an kashe injin daga ofis. Shagon ya yi tsit. Radiyo ta leƙa taga ta ce ga motar Mai Fenti can a ƙofar rumfar dashe, kuma ba ranar zuwansa ba ce. Ban leƙa ba. Na tsaya a wurina a bakin bel.

Auta ce da kanta ta ga tabon a jikin dashe ta kira shi. Tebur uku na dashe ne suka kamu, duka na kusa da ƙofar baya. A rumfar dashe babu maganar taku sittin, gaba ɗaya ake ƙonawa. Kwana biyu ana kwasa a tirela ana kaiwa rami. Hayaƙin ɗanyen ganyen lemo yana da wani irin wari mai ɗaci, ya shiga ɗakunanmu, ya shiga kayan sawa, ko ruwa ka ɗiba a randa sai ka ji shi. Auta ta tsaya a bakin ramin tun safe har aka gama, ba ta yi kuka ba. Ni na yi, a banɗaki, na toshe bakina da mayafi.

Aka dakatar da ita daga aiki. Mutanen da jiya ke gaishe ta da rusunawa suka fara cewa dama iyayi ne ya yi mata yawa, mai korar mutane saboda takalmi ga shi ita ta shigo da cuta. Na zage Radiyo tas a kan maganar nan, har sai da aka shiga tsakaninmu. Kowa ya ce uwa ce, dole ta ji zafi. Ba wanda ya san abin da ke cina.

Mai Fenti ya kira Auta ofis ya tambaye ta ko akwai wanda ke shiga rumfar ban da ma'aikatanta. Ta ce babu, kuma a wurinta gaskiya ta faɗa, don ni ban taɓa taka ciki ba, hannuna kawai ke shiga. Da ta dawo ta zauna a tabarma kusa da ubanta tana ta lissafa wa kanta wuƙaƙe da almakasai, wanne ne ba ta tsoma a magani ba, wace rana ce ta yi sakaci. Malam yana ba ta haƙuri yana cewa ƙaddara ce. Ina tsugune a bakin murhu na juya musu baya. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta, kuma ina da ita a bakina. Na tuna bencin nan da itace na farko, na haɗiye.

Daga nan gonar ta zama wani wuri daban. Aka kafa ƙofar feshi a kowace hanya, mota ko mutum sai an wanke ka. Aka hana tsinka sai rana ta busar da raɓa. Mai Fenti ya zo da mutum shida suka fara bin gona layi-layi. Suka sami cutar a layi na sha ɗaya da na sha biyu, waɗanda iska ke kaɗawa daga wajenmu zuwa wajensu. Duk inda ya zana jan gicciye, washegari sai ka ji kukan zarto. Itace ɗari huɗu suka tafi a sati guda. Kullum ƙarar tana ƙara matsowa, har ta kai in ina tsinkar ganye da safe ina hango kututturan ta tsakanin rassa.

Ranar da za su zo layinmu na yi sammakon da ban taɓa yi ba. Na bi itatuwa ukun nan reshe-reshe, har da waɗanda nake zargi kawai. Da hantsi suka iso, Malam na zaune a bencinsa ya sa rigarsa mai kyau. Mai Fenti ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce Baba a yi haƙuri aiki ne. Malam ya ce ya duba son ransa, shi itatuwansa sun sha shuɗin magani fiye da na kowa. Suka shiga. Na tsaya ina kallon gwangwanin yana lilo a hannunsa. A na goma sha bakwai ya daɗe, ya kewaya shi sau biyu, ya ɗaga rassan ƙasa, ya ce wannan ganyensa bai cika ba, a ƙara masa taki. Ya wuce.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. 'Yata na gida a zaune ba aiki, rumfarta ta zama toka, ni kuma na dawo ina jin kamar an sauke mini dutse. Ruwa ya ɗauke bayan nan, ganyen da nake tsinka ya ragu zuwa biyu, uku, wata rana babu ko ɗaya. Na ce to, na ci galabar cutar.

Bayan wata biyu manaja ya zo gidanmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kujerar roba ya ce an yanke shawarar a sake kafa rumfar dashe, kuma Auta za a mayar, don an bincika ba a sami laifinta ba. Malam ya ɗaga hannu yana godiya ga Allah. Sai manaja ya juyo wajena yana murmushi.

Ya ce, "Inna, littafinki muka bi. Duk gonar nan babu layin da bai taɓa kawo ko lemo ɗaya mai tabo ba sai na tara. Cuta ta zo har maƙwabtansa ta tsallake shi. Saboda haka daga jikinsu za mu yanki ido. Duk sabon dashen da za a yi, da wanda za mu sayar wa sauran gonaki, 'ya'yan itatuwan Baba ne."

Malam ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce ashe zai ga jikoki dubu sittin kafin ya mutu, ko da yake gani kam sai dai a ba shi labari. Manaja ya yi dariya, Auta ma ta yi, karo na farko tun ranar ramin. Ni ma na buɗe baki na yi abin da ya yi kama da dariya. Na ce anya ba a nemo ido daga wata gonar ba, itatuwan nan sun tsufa. Malam ya ce in rufe bakina, ni me na sani a kan itace ban da lemon da ke gangarowa.

Kwana uku aka sa a fara yankan idon. A cikin kwana ukun nan na ce zan faɗa da safe, na ce zan faɗa da yamma. Na lallashi kaina da cewa ruwa ya ɗauke, wataƙila cutar ta mutu da kanta. Na ce ai itace uku ne cikin arba'in, in Auta ta yanka daga sauran fa? Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma ta fi gaskiyar sauƙin haɗiya.

Ranar Asabar Auta ta zo da tsani, da bokitin magani, da sababbin wuƙaƙe biyu, ta sa farar riga. Malam ya riga kowa zuwa, ya sa an kawo masa fulas da kofuna wai zai ba ma'aikata shayi. Ni kuma aka ce in riƙe mata kwalin da za ta riƙa zuba rassan. Daga can sama ake yankan ido, inda rana ke bugu, wurin da ni ko da kwando ban taɓa kaiwa ba. Ta fara daga na ɗaya. Kowane itace ta tsoma wuƙa a bokiti, ta hau, ta zaɓi reshe biyar ko shida, ta miƙo mini. Tana aiki tana 'yar waƙa a ciki-ciki. Ina ƙirgawa, sha huɗu, sha biyar.

A na goma sha bakwai waƙar ta tsaya. Ina ganin ƙafafunta kawai a kan tsani. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta sauko mataki biyu ta cusa kanta cikin itacen, tana bin rassan ciki da yatsa, inda duk na tsinke ganye na bar gurabu, inda na karya da hannu ɓawon ya yage. Ta duba har ƙasa. Ta ga inda gindin kwando ya yi shaida a ƙasa, zagaye da itacen.

Ta sauko gaba ɗaya. Ganye ɗaya ne a hannunta, ta riƙe shi ta baya don kada ma'aikatan da ke can nesa su gani. Ta kalli ganyen, ta kalli hannuna da ke riƙe da kwali.

Ta ce a hankali, "Mama, tun yaushe?"

Na ce, "Tun sati biyu bayan ruwan da ya kwashe kwano."

Na ga tana lissafi a fuskarta. Sati biyar kafin rumfar. Ƙofar baya. Tebur uku. Ba ta tambaye ni komai a kai ba, da ma ta tambaya, da ma ta zage ni. Na ce mata don ubanta na yi, na ce ta dube shi, shekara talatin da ɗaya, idonsa ma ya ba su. Na ce itace uku ne kawai, ta tsallake su ta yanka daga sauran, ba wanda zai sani. Har hannunta na kama, ta zare.

Ta ce, "Kin zauna kina jina ina ƙirga wuƙaƙena."

Ta karɓi kwalin daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta juye ruwan bokitin a kan rassan da muka tara tun safe. Ta tuɓe farar rigar ta dunƙule ta cusa a leda ta ɗaure.

"Zan je ofis," in ji ta. "Ba zan yi gudu ba, a hankali zan tafi. Ki gaya wa Baba kafin su zo da fenti. Kada ya ji a bakin wani."

Ta bi ta bakin shinge ta tafi, ba ta waiwayo ba. Na juya. Daga na goma sha bakwai zuwa benci ba nisa, amma sai da na tsaya sau biyu. Malam yana zaune da kofi a hannu yana ba wani direban tirela labarin shekarar da aka dasa layin, da yadda ya riƙa ɗebo musu ruwa a jarka lokacin da famfo ya lalace. Ya ji takuna ya gane ni. Ya ce wa direban ga uwargida nan, a tambaye ta in ƙarya yake yi. Sannan ya matsa gefe ya share mini wuri a bencin da tafin hannunsa, ya ce in zauna in gaya masa itace nawa aka yanka zuwa yanzu.